Musun Wake a Kumasi

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gidan suna a Hanwa an tare ni, a layin masu hatsi na kasuwar Samaru an tare ni, har Ladi mai manja ta taso takanas daga Unguwar Gabas ta baje mini a tsakar gida, wai sai na gaya mata ko da gaske ne teku ba shi da ƙarshe. Bakina ya gaji da maimaici. Shi ya sa na zaunar da Bilki, matar autana, na ce ta ɗauko biro, ina faɗa tana rubutawa. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma kunnena ƙalau yake, na kuma gargaɗe ta cewa in ta ƙara nata gishirin zan ji shi idan ta zo karanta mini. Daga yau duk wadda ta sake tambayata, sai ta kai wa jikanta ya karanta mata.

Ku da muka tashi tare kun san ba na kiran sunan wadda na raka. 'Yar fari ce. A hannun uwata ta girma, in magana ta kama sai in ce "yarinyar nan", ko in aika ta bakin wani. Haka na tarar ana yi, haka na yi, a nan ma yarinyar nan zan ce.

Aikinta a gonakin gwaji na nan Samaru yake, ɓangaren wake. Ita ce mai awo, ita ce mai duba ƙwari, ita ce mai rubuta wa manya abin da ta gani. Ta daɗe a wuri guda saboda takardarta ƙarama ce, har yaran da ta koya wa aiki sun dawo suna aiken ta. Bara ma ta kawo mini wani buhu mai leda cikin leda, wai a zuba wake a ɗaure tam, ƙwari su mutu don rashin iska. Na karɓa, na ninke a gabanta, na tura ƙarƙashin gado. Ni da toka nake ajiye wakena tun ina amarya.

To sai wata makarantar aikin gona a Kumasi, can ƙasar Gana, ta ce za ta ɗauki mutane ƙalilan daga ƙasashenmu ta koyar da su. Yarinyar nan ta tsallake gwajin rubutu. Saura na baki: ta je ta zauna gaban manyan malamai ta kare aikinta da Turanci. Shekarunta kuma sun kai gejin da aka sa, in ta faɗi bana, ba baɗi. Ga goyo a bayanta, takwarata, wadda ake kira Ummi tunda uwarta ba za ta iya kiran sunana ba. Mijinta malamin firamare ne, ɗalibai na jarrabawa, ba halin ya motsa. Shi ya zo ya durƙusa a zaure ya ce a taimaka a riƙe musu Ummi a hanya. Na ce na ji.

Tun kafin tafiyar na lura da wasu 'yan katuna da ba ta rabuwa da su. Kwalin sabulu da na sukari take yankawa, ta rubuta a gaba, ta rubuta a baya, ta ɗaure da roba. Ban tambaya ba. Ni ba na tambaya, kallo nake yi.

Da hantsi muka hau doguwar bas a Sabon Gari. Kafin a tashi wani fasto ya miƙe ya yi wa nasu addu'a da waƙa, mu muka yi tamu a zuci, sannan mai maganin basir ya karɓe fagen har Kaduna. A kujerar gefenmu wata 'yar Ibo ce mai sayar da leshi, Ngozi, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta ya fi na wasu 'yan Tudun Wada. Kwatano za ta saro kaya.

Ta ce, "Sannu Mama. Wannan 'yarki ce?"

Na ce, "'Yar mutane ce."

Ta tuntsire da dariya. "Na gane. Ta fari ce." Sai ta leƙa cinyar yarinyar nan. "Sista, karta kike yi ke kaɗai? A raba da ni mana."

Ta dalilin Ngozi na ji abin da ban taɓa tambaya ba. Yarinyar nan ta ce mata Turancin ofis daban, na malamai daban. Na ofis na "kawo, kai, an gama, ba a gama ba" ne. Na malamai kuwa sai ka ce me ya jawo me, me ya fi me, da wane ma'auni, kuma ina shaida. Ta ce ba kowace doguwar kalma take ɗauka ba, sai wadda ta ga tana yawan dawowa a rahoton manya, ko na wake ne, ko na taki, ko na ruwan sama. A bayan katin ta sa ma'anar, ta kuma ƙulla magana guda da ita a kan wakenta, don kalmar ta san gidan da ta shigo. Wai kowace kalma tana da dangi, in ka kama uwar, 'ya'yan za su biyo ta kamar 'yan tsaki. Ta raba su ɗauri-ɗauri, masu koriyar roba na awo da kwatantawa, masu baƙar roba na sanadi da sakamako. Ta ce kalmar da ba ka fitar da ita a baki gaban mutum ba aro ce, ko ba jima ko ba daɗe mai ita zai karɓe abinsa.

Ngozi ta ce, "To kawo in zama malamarki." Sai ta riƙa zaro kati tana tambaya, yarinyar nan tana amsawa. Na ga abin da ban taɓa gani ba: tana magana da hannu, tana dariya har da dukan cinya, Turanci na zuba kamar an fasa tulu. Wani ɗan jami'a a kujerar gaba ya juyo ya sa baki, ta mayar masa, ya koma ya zauna. Na gyara wa Ummi hula na yi kamar ina kallon hanya.

A Lokoja aka tsaya cin abinci, a nan tsiyar farko ta same mu. Kwalbar yajin da na daka da hannuna ta fashe a cikin jaka, ramukan hanya sun yi mata illa. Ina buɗe jakar rabin motar suka kama atishawa, direba na ihu wai wa ya shigo masa da barkonon tsohuwa. Na ce masa tsohuwar ce da kanta. Katunan duk sun yi ja. Muka shimfiɗa zanina a kan benci muna gogewa ɗai-ɗai. A nan na lura. Duk sun yi laushi, gefensu ya lanƙwashe, shatin yatsa ya yi musu baƙi, sai ɗauri guda mai jar roba, shi kam fes yake kamar yau aka yanka.

Na ɗaga Ummi na ce, "Takwara, tambayi uwarki, waɗannan na wani ne aka ba ta ajiya?"

Kanta a ƙasa ta ce, "Ummi, ce wa Inna na musu ne. Na lokacin da babba ya faɗi magana kana so ka ce ba haka ba ne."

Ngozi ta ce, "Shi ne suke sababbi haka?"

"Na haddace su. Ban dai sami wanda zan gwada su a kansa ba."

A raina na ce madalla, tarbiyya ta yi rana. Muka ci soyayyen kifi da ba shi da laifi, sai dai ƙaya, muka koma mota. Sauran hanyar zuwa Legas ciwon gwiwa ce da gyangyaɗi, ba abin da zan ba ku a ciki.

Legas kuwa, mutane ne ke gudu ba wanda ya koro su. Na ga mace ta shaƙe kwandasta a kan canji, ba wanda ya ko tsaya raba su. Muka yi alwala a masallacin 'yan Arewa da ke bayan tasha, muka sha shayi wurin wani Basakkwace wanda ya ji muryata ya ce, "Zage-zagi, ina zuwa da tsufa?" Na ce inda Sakkwatawa ba su kai ba. Daga nan ƙaramar mota zuwa iyaka.

Iyakar Seme ba katanga ba ce kamar yadda nake zato. Rumfuna ne da tagogi da layi, ka fita wannan ka shiga wancan, kowa na buga hatimi a fasfo kamar yana jin haushinsa. A tagar masu duba rigakafi muka tarar da wani dattijo mai furfura da tabarau. Ya duba katin allurata, ya duba na yarinyar nan, sai ya nuna Ummi ya ce ina nata. Yarinyar nan ta san jaririn da bai kai watannin allurar ba ba a neman nasa, tun a gida ta je asibiti ta tambaya, har a mota ta faɗa wa Ngozi. Amma da dattijon ya ɗaga murya sai ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannu a gaba, ba abin da ke fita sai "to, yallaɓai". Ya tura fasfonmu gefe ya kira na baya. Muna tsaye rana na dukan Ummi, har Ngozi ta gama da nata layin ta hango mu. Ta zo ta zuba masa Turancin buroka na Sabon Gari, ya duba fuskar jaririyar, ya buga hatimi.

Da muka fito Ngozi ta riƙe ƙugu. "Sista! Ke da kika cika mini kunne tun daga Kaduna? Ina Turancin ya shiga?"

Ta ce, "Ya girme ni."

"To malaman da za ki je wurinsu yara ne?"

Maganar ta bi ni cikin mota ta zauna kusa da ni.

A Kwatano muka rabu da Ngozi, ta ba Ummi 'yar hula, ta ce in mun dawo mu neme ta a layin 'yan leshi na Sabon Gari. Garin 'yan acaɓa ne masu rigar ruwan ɗorawa, sun fi ƙudan zuma yawa, mata ma da nasu baburan, da gyale da jaka, ba mai kallon su. Burodinsu dogo ne kamar muciya, bayansa ya fi ƙanzo tauri. A can Turanci bai yi mana rana ba, Faransanci suke yi, da yatsa muka sayi abinci ni da ita, kowa ya zama kurma. Masaukin da muka kwana ba laifi, sai dai banɗakin a cikin ɗakin kwana yake, dab da inda mutum zai sa kai. Na shimfiɗa zanina a bakin ƙofa, na bar musu gadon.

Ladi, ga amsarki. A Lome na ga teku, hanyar mota ce ta bi gefensa. Na duba iyakar ganina ban ga gaɓar can ba. Ruwan ba ya hutawa, ya taso ya faɗi, ya taso ya faɗi, kamar mai jin haushin ƙasa. Mutane kuma na zaune a bakinsa suna cin gyaɗa. Iyakar abin da na sani ke nan. A ƙarshen garin aka sake buga mana hatimi muka shiga Gana, aka ratsa Akra da mu ba mu sauka ba, sai Kumasi.

Kakana fatauci ya yi zuwa Gwanja, tun ina ƙarama nake jin sunan Kumasi a bakin tsofaffi, ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ta ba. A zango muka sauka, gidan Hajiya Fati, ƙanwar mai goron da muke saye wurinsa a Sabon Gari. Hausawa ne da suka yi kaka da kakanni a can. Hausarsu za ta ba ku dariya, sai su ce "mace ya zo". Mu da Kanawa ke wa dariya ashe akwai waɗanda suka fi mu. Koko da ƙosai kamar na gida, har ya fi yaji. Shinkafa da wake kuwa da karan dafi suke dafa ta, ta fito jawur, abin da a wurinmu dukawa ke rina fata da shi. Akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, dokunu, ana ci da kifi da wani baƙin yaji. Loma ta farko na ce ya lalace. Kafin mu taho ni ke aika a sayo.

Ranar Asabar na ji kiɗa na ga rumfuna, mutane sanye da baƙi da ja suna rawa, ga hoton wani tsoho an kafa kamar ɗan takara. Na ce wa Hajiya Fati bikin wa ake yi. Ta ce jana'iza ce ta 'yan ƙasa, mutumin ya daɗe da mutuwa, a gidan sanyi aka ajiye shi sai dangi sun hallara. Na yi salati. Mu da ko abincin rana ba a jira.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a cikin gidan yake. Hajiya Fati tana tsakar gida ta ƙwala wa 'yarta ta fari kira da sunanta ɓaro-ɓaro, 'yar ta fito suka hau gardama a kan gishirin miya, ido cikin ido, suka ƙare da dariya. Na ce, "Hajiya, ta farin ce kuwa?" Ta ce, "Ita ce. Ai mu nan mun bar wannan a hanya." Na ce a raina, ba shi kaɗai kuka bari ba.

A gidan akwai yayan mijinta, Masta Yakubu, tsohon hedimasta, kansa fari fat, kullum yana baranda da rediyo. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce bari ya gwada ta kafin ranar. Bayan la'asar aka ajiye mata kujera a gabansa, ni ina gefe da Ummi. Da farko lafiya lau, ya tambaya ta amsa, muryar dai ƙasa-ƙasa. Can sai ya jingina ya faɗi wata magana yana kaɗa yatsa. Na ga kan ya sauka. Na ga hannuwan sun haɗu a cinya. Irin tsayuwar Seme ce sak, sai dai a zaune. Ya maimaita, ta ce, "To, yallaɓai."

Ya cire tabarau ya juyo gare ni. "Hajiya, ce mata na yi buhun ledarta aikin banza ne, a zuba hodar magani kawai a huta. Da gangan na faɗa. Haka za su yi mata jibi, su faɗi abin da ba daidai ba su ga ko za ta tsaya wa aikinta. In ta ce 'to', sun gama da ita."

Na ce, "Ba ta san amsar ba ne?"

"Ta fi ni sani. Kalmomin suna ciki, na ji motsinsu. Ƙofar ce a rufe, mabuɗin kuma ba a hannuna yake ba."

Yarinyar nan ta tashi ta shige ɗaki. Na zauna ina jijjiga Ummi. Ni dai na san ban koya mata abin banza ba. Yaron da ke kallon idon babba yana mayar masa da magana, a Samaru sunansa mara kunya, gobe ma haka zan ce. Amma ban taho tun daga Zariya da ciwon gwiwa don in rako ta ta ce "to" ta koma ba.

Da safe bayan an sha koko na miƙa wa Hajiya Fati Ummi. Na ɗauko kujeru biyu 'yan tsugunno na ajiye suna kallon juna a tsakar gida, na zauna a ɗaya. Ba jaririya a hannuna, ba wanda zan aika. Na ce, "Zo ki zauna."

Ta waiga ta ga ko da wata nake. Sannan ta zo ta zauna a ɗofane.

Na ce, "Buhun da kika kawo mini bara yana ƙarƙashin gado. Toka ta fi shi. Da toka uwata ta ajiye wake, uwarta ma haka. Aikin da kike yi a gonar can ɓata lokaci ne."

"To, Inna."

"Ban ce ki ce to ba. Ki musa."

Ta hau murza bakin mayafi.

"Je ki ɗauko masu jar robar."

Ta ɗauko ta riƙe a cinya, ko robar ba ta cire ba.

Na ce, "Da Turanci za ki yi. Ni ba ji nake ba, don haka ba ki yi mini rashin kunya ba. Amma ki dubi idona."

Masta Yakubu ya rage rediyonsa. Na jira har inuwar katanga ta janye daga ƙafata. Sai na kira sunanta.

Sunan yanka nake nufi, wanda ubanta ya raɗa mata a kunne, wanda tun ranar suna ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Ya fito da nauyi, kamar ba Hausa ba. Hajiya Fati ba ta ma san an yi wani abu ba, tana can tana yi wa Ummi rawa. Yarinyar nan kuwa kanta ya ɗago da kansa. Idanun ubanta ne da ita, masu ɗan ja a gefe. Suka cika da ruwa. Na ce, "Ba kuka na ce ba. Toka ta fi buhunki. Ina jin ki."

Ta cire robar. Kalmar farko ta fito da rawar murya, ta tsaya, ta duba kati, ta sake ɗagowa. Ta biyu ta fi ta farko. Can sai na ga hannun ya tashi, irin na cikin mota. Ban ji ko ɗaya ba, amma na yi shekaru ina ciniki, na san muryar mai roƙo, na san ta wanda ya san kayansa. Da ta numfasa na ce, "Toka a murhu take, ba a nemo ta ko'ina." Ta mayar mini nan take, har tana lissafawa da yatsu.

Na juya baranda. "Masta, me take cewa?"

Ya ce, "Ta ce ta yarda da ke a nan, toka na kusa da kowa. Sai dai toka na son a zuba ta kusan daidai da waken, mai tukunya guda zai iya, manomi mai buhuna ina zai samo ta? Kuma sun gwada sun gani, na cikin toka ana samun masu huji, na cikin buhu ba a samu."

"Wato ƙarya nake yi."

"A'a, Hajiya. Cewa ta yi maganarki tana da tushe, sai dai abin da aka gwada aka gani bai tsaya nan ba."

"Haka ake ce wa babba ya yi kuskure a Turance?"

Ya yi dariya har da tari. "Haka malamai ke yi. Sai an shimfiɗa wa mutum tabarma tukuna, sannan a kayar da shi a kai."

Na dubi katunan nan. Ashe su ma suna da tasu kunyar, a cikin kalmomin suka zuba ta, ba a sunkuyar da kai ba. Na gyara zama na ce, "Ban gamsu ba. Ɓera fa? Leda za ta hana ɓera?" Haka muka yi ta yi har azahar, duk abin da na sani a kan wake na jefa mata, wani da gaske nake, wani don tsokana. Bayan sallah Masta ya karɓe ni, ya sa tabarau, ya kaɗa yatsa, ya murtuke fuska. Kan bai sauka ba. Kafin magariba masu jar robar sun yi shatin manja kamar sauran.

Ranar gwajin na zauna ƙarƙashin wata bishiya a harabar makarantar, Ummi a baya. Masu jiran kira duk sun sha kwat, wani na ta karanta takarda yana gumi. Aka kira ta ta shiga. Ummi ta yi barci ta farka, ta yi kuka, na ba ta ruwa, na zaga da ita. Sai ga uwarta ta fito, ta karɓe ta, ta zauna ta juya baya ta ba ta nono. Ban tambaya ba.

Can ta ce, "Ummi, ce wa Inna akwai wani tsoho mai farin gemu a ciki. Ya ce buhun ba zai yi aiki a ƙasa mai damshi ba."

Na ce, "Takwara, tambaye ta me ta ce masa."

"Ce mata na shimfiɗa masa tabarma."

Komowa ba wani labari, hanyar da ta kai mu ita ta dawo da mu, sai dai a Seme yarinyar nan ce ta yi magana a taga, ni ina riƙe da jaka. Mun dawo ba da jimawa ba saƙo ya shigo wayarta. An ɗauke ta. Bayan babbar Sallah za ta tafi da Ummi, Hajiya Fati ta ce ɗakinsu na nan.

Kowane abu da ladansa da kuma la'adarsa. Shekaranjiya ta zo ta tarar ina ba Ummi jiƙon da nake ba kowane jariri a gidan nan, sai na ji an ce, ba ta bakin kowa ba, "Inna, maganarki tana da tushe, sai dai..." Na ɗago na dube ta. Ba ta sunkuya ba. Na ajiye cokalin, tunda ni na buɗe ƙofar.

Yanzu Bilki ta tsayar da biro tana tambayata ko ta rubuta sunan a wurin da na ce na kira shi. Na ce ta bar wurin yadda yake. A Kumasi aka yi, a Kumasi aka bar shi.

Waken bana kuwa na raba shi biyu, rabi a toka, rabi a buhun da na jawo daga ƙarƙashin gado. Ban kwance ba tukuna. In na kwance na tarar ba huji, ba daga bakina za ku ji ba.